Kafin Mu Fasa Asusu Mu Sayi Iri: Me Ƙwaya Ke Bukata Ta Tsira?

Zafi ya kai inda ya kai, hadari ya fara leƙowa daga gabas, maza sun shiga sharar gona. Daga Matamaye zuwa Kance, Dungu, Yawuri, Tsauni har Ɗan Barto, duk inda muka zauna zubin mako maganar ɗaya ce: iri. Wata tana son bashin asusu ta sayi gyaɗa, wata wake take nema don gamanarta, wata kuma ta ce ita nata na bara yana nan cikin tulu, ba ta da damuwa.

Sai ruwa ya sauka, a yi shuka, a kwana bakwai, a je gona a tarar da gurbi ɗaya ya fito, uku babu. Nan za ki ji ana cewa, "Ai bana ruwan ne bai yi ba," ko "Haka Allah ya so." Gaskiya ne komai na Allah ne, kuma sau da yawa ruwan ne. Amma wani lokacin tun irin yana cikin buhu ya mutu, mu ne ba mu sani ba. Wani lokacin kuma irin lafiyarsa lau, yadda aka binne shi ne ya hana shi fitowa.

Asarar shukar da ba ta fito ba kashi uku ce. Kuɗin iri ya tafi. Bashin asusu yana nan, ranar biya ba ta matsawa. Na ukun ya fi ciwo: kwanakin damina. Daminarmu wata uku ce da ɗan ɗori, daga Yuni zuwa Satumba. Wadda ta sake shuka bayan mako biyu, hatsinta na iya kai wa lokacin ido ruwa ya ɗauke. Shi ya sa a wannan fitowa muka ga ya dace mu zauna mu fahimci abin da ƙwayar iri ke bukata ta tsira, da yadda za mu gane mai rai tun kuɗinmu bai fita daga akwati ba.

Iri abu ne mai rai, barci yake yi

Mu ɗauki ƙwayar wake mu jiƙa ta kwana ɗaya, kamar za mu yi ƙosai. Ta kumbura, ɓawon ya saki. In muka raba ta biyu a hankali, a gefe ɗaya za mu ga ɗan abu fari kamar ƙaramar ƙaya, da ganye biyu ƙanana a naɗe. Wannan shi ne jaririn shuka. Ɓari biyun nan da muke niƙawa guzurinsa ne. Ɓawon kuma rigarsa ce, ita ke kare shi. Hatsi da dawa ma haka suke: ɗan idon nan na gindin ƙwaya shi ne mai ran, garin da muke tuƙa tuwo da shi kuwa abincinsa ne.

Muddin ƙwaya tana bushe, jaririn yana barci, numfashinsa kaɗan-kaɗan. Da ruwa ya shiga sai ya farka, ya fara narkar da guzurinsa yana mai da shi zaƙi yana sha. Mu mata mun san wannan tun a madafa: dawar da aka bari ta yi tsiro ai zaƙi take yi, shi ya sa ake sa ta a kunu. Saiwa ce ke fara fitowa, ta nufi ƙasa neman ruwa. Bayan ta sai kan ya nufi sama neman rana. Har ya buɗe ganye ya yi kore, da guzurin nan kaɗai yake rayuwa.

Abu biyu za mu riƙe a nan. Na farko, abin da ke da rai yana iya mutuwa ba tare da kamanninsa sun canja ba. Soyayyiyar gyaɗa da ɗanya duk gyaɗa ce a ido, amma ɗaya ba za ta taɓa tsira ba. Zafi da laima da ƙwari da tsufa suna yi wa iri abin da wuta ke yi wa gyaɗa, sai dai a hankali. Na biyu, irin da ya farka ba ya komawa barci. In saiwa ta fito sannan ƙasa ta bushe, shi ke nan, ya mutu.

Abin da ke tayar da shi lafiya uku ne: ruwa, iska da ɗumi daidai gwargwado. Na huɗu a hannunmu yake, wato zurfin da muka sa shi.

Ruwa: ba kowane ruwa ne na shuka ba

Ruwan farko yana da ruɗi. Ƙamshin ƙasa ya tashi, kowa ya ɗauki sungumi. Amma yayyafin da ya jiƙa saman rairayi kawai ya ishi iri ya farka, bai ishe shi ya rayu ba. Masana yanayi, irin na cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, suna lissafa ruwan shuka daga milimita 20 da ya sauka cikin kwana ɗaya zuwa uku, kuma ba a bi shi da dogon fari ba. In rediyo ta faɗi yawan ruwan da aka samu a garinmu, wannan adadin za mu saurara.

Wadda ba ta ji rediyo ba tana da hannunta. Washegarin ruwa a tona ƙasar gona da hannu. In danshi ya kai tsawon tafin hannu har wuyansa, kuma ƙasar da aka damƙa ta dunƙule ba ta watse ba, to an samu na shuka. In yatsa biyu kawai ya jiƙa, ƙasansa busasshe, a dakata.

Sai maganar binne. Da yawanmu muna binne hatsi tun ruwa bai zo ba, saboda in ya sauka gandu ake fara shukawa, gamanar mace sai daga baya. Binne yana da amfani: ruwan kirki na sauka, iri na ciki. Haɗarinsa shi ne ɗan yayyafi ya tayar da shi ya bar shi, ko tururuwa da ɓeraye da zabi su kwashe. Don haka binne na hatsi ne, wanda ƙwayarsa ke jure zama cikin busasshiyar ƙasa kuma sake shi ba ya cin kuɗi da yawa. Gyaɗa da wake, masu tsada da saurin ruɓewa, a jira ƙasa ta sha ruwa sosai.

A jihar Maraɗi, manoman haɗaɗɗiyar ƙungiyar Fuma Gaskiya, mata da yawa a cikinsu, sun yi aiki da cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN da jami'ar Hohenheim ta Jamus a kan wata dabara ta binne. Ana kwaɓa rairayi da ɗan yumɓu da ƴar tokar itace da ƙwayoyin hatsi, a mulmula ƙanana kamar girman ƙwallon magarya babba, a shanya su bushe da wuri, sannan a sa ɗaya a kowane gurbi. Dunƙulen yana kare iri daga masu kwashewa, tokar kuma ta zama abincin farko na tsiro. Aiki ne da ake yi a gida da rani, a zaune. Ƙungiyar da ke so ta tambayi malamin gona ma'aunin haɗin, domin toka in ta yi yawa ƙona iri take yi, takin ure kuwa ba a sa shi ciki sam.

Akwai kuma dabarar jiƙa iri, ga wadda za ta shuka a ƙasa mai danshi. A zuba hatsi ko dawa cikin ruwa mai tsabta awa 8, wato daga bayan sallar isha'i zuwa asuba. Abin da ya taso sama, ƙaiƙayi da ƙwayoyin da ba su da ciki, a kwashe. A tsane, a baza a inuwa ya sha iska har ya daina manne wa hannu, a shuka shi ranar. Irin da aka jiƙa yakan riga ɗan'uwansa fitowa da kwana ɗaya ko biyu, kuma ya fito tare. A rairayinmu da ke bushewa da sauri, kwana biyun nan ba ƙaramin abu ba ne. Sharaɗi dai: kada ya wuce awa 8, kada a ajiye shi sai gobe, kuma irin da aka jiƙa ba a binne shi a busasshiyar ƙasa.

Iska da zurfi

Iri yana numfashi. Wadda ta taɓa sa hannu cikin tarin dawar da ke tsiro ta ji ɗumi, numfashin ne. A ƙasar da ruwa ya kwanta babu iska, sai iri ya shaƙe ya ruɓe. A jigawa ba mu cika ganin haka ba, amma masu garka a fadamun Korama sun san shi: fangalin da ake ta kwarara wa ruwa safe da yamma har ya zama taɓo, irinsa ba ya fitowa da kyau. Danshi ake so, ba tafki ba.

Zurfi kuma lissafin guzuri ne. Ƙwaya babba tana da abincin da zai kai ta sama daga nesa, ƙarama nata kaɗan ne. In aka zurfafa ƙaramar ƙwaya, guzurinta zai ƙare tana hanya, ta mutu cikin duhu, mu kuma mu ce irin banza aka sayar mana. In kuma aka bar ta a sama-sama, rana ta busar da ita ko tsuntsu ya tsince. Ga yadda ya fi dacewa, da ma'aunin gaɓar yatsa:

Hatsi da dawa: gaɓa ɗaya da rabi zuwa biyu, wato santimita 3 zuwa 5.
Wake da gyaɗa: gaɓa biyu, kusan santimita 5.
Kuɓewa, yakuwa da zogale: gaɓa ɗaya.
Riɗi, albasa da tumatir: rabin gaɓa. Riɗi a gauraya shi da rairayi don kada ya zuba wuri ɗaya.
Salati: a yayyafa, a rufe da ƙasa shara-shara kawai, domin shi yana son ɗan haske.

Taka gurbi da diddige bayan an zuba iri ba al'ada ce kawai ba. Shi ke haɗa ƙwaya da ƙasa mai danshi don ta sha. A rairayi a taka sosai, a ƙasa mai laka a sassauta. Yara ne suka fi bin mai sara suna zuba iri, to mu nuna musu, kada su riƙa rufewa da shuri suna gudu.

Masu sa ɗan taki a gurbi, dabarar da cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai ta yaɗa tare da INRAN, ma'auninta giram 6 ne na NPK 15-15-15, cikin murfin kwalbar lemo ke nan, ko giram 2 na DAP, abin da yatsu uku suka tsinta. Yana taimakon tsiro ƙwarai. Amma taki gishiri ne, in ya taɓa ƙwaya yana janye mata ruwa ya ƙona ta, musamman in danshi bai isa ba. A sa shi a gefen gurbi, ƙasa ta shiga tsakaninsu.

Zafi: kowane iri da lokacinsa

Hatsi ɗan zafi ne, shi ya sa ya zauna da mu. A ƙasa mai ɗumi da danshi, kwana biyu zuwa uku ya fito. Amma shi ma yana da iyaka. A farkon damina, in rana ta buɗe bayan ruwa, saman rairayi yana iya wuce digiri 50 da tsakar rana. Ƙafarmu ma ba ta iya taka shi babu takalmi, balle tsiron da bai fi allura ba. Ga kuma iskar da ke zuwa gaban hadari, tana bulale shi da rairayi ko ta binne shi.

Maganin duka biyu yana gonar. Karan bara da aka bari a kwance yana sanyaya ƙasa, yana riƙe danshi, yana tare rairayi. In muka kwashe shi kakaf muka kai murhu, tsiro ne ke biya. Sai gawo. Yankinmu na Matamaye da Magarya da Mirya ya yi suna har ƙasashen waje saboda yadda manoma suka bar gawo ya sake tasowa cikin gonaki. Kowa ya ga yadda hatsin gindin gawo ke fita daban. Ba takin ganyensa da kashin dabbobi kaɗai ba ne: ƴar inuwarsa ta farkon damina tana rage zafin ƙasa daidai lokacin da tsiro ya fi rauni, sannan ya zubar da ganye ya bar wa hatsi rana.

Kayan garka kuwa akasin haka ne. Salati in zafin ƙasa ya kai wajen digiri 30 sai ya ƙi tsira, ko da irin sabo ne. Albasa da karas da kabeji su ma sanyi-sanyi suke so. Wadda ta yi gaggawar zuba irin salati tun zafin Oktoba bai sauka ba, ta yi wa fangalin rumfar ciyawa, ta zuba da yamma, ta yayyafa ruwa da sauƙi. Da tsiro ya fito a ɗaga rumfar, in ba haka ba ya yi tsawo siriri ya faɗi.

Masu nauyin barci

Akwai irin da za a ba shi ruwa da iska da ɗumi duka, ya yi shiru. Bai mutu ba, rigarsa ce ta yi tauri ruwa ba ya shiga. Kuɓewa tana da wannan hali, shi ya sa ake jiƙa ta kwana ɗaya kafin shuka. Ƴaƴan gawo da kuka da bagaruwa sun fi ta. A daji, akuya ko saniya ce ke cin ƴaƴan gawo, cikinta ya tausasa ɓawon, ta kasayar da shi tare da takinsa. Ƙungiyar da ke renon itatuwa a leda don sayarwa tana iya yin aikin akuyar da hannu: a goga gefen ƙwaya a dutse har a ɗan ga farin ciki, nesa da idon, sannan a jiƙa ta kwana. Zogale ba ya bukatar wannan wahala, cikin mako ɗaya zuwa biyu yake fitowa, sai dai irinsa ba ya son tsufa.

Gyaɗa mai kwana 90, irin 55-437 da aka sani a ƙasar nan, ita barcinta ba nauyi ko kaɗan. In ta nuna aka bar ta a ƙasa ruwa ya sake sauka, sai ta tsira cikin kwansonta. Wadda ke son iri a cikinta ta cire da wuri.

Maƙiyinmu ma yana da nasa barcin. Ƙwayar ƙuduji kamar ƙura take, gindi ɗaya yana zubar da dubbai, kuma tana iya zama cikin ƙasa fiye da shekara 10 tana jira. Ba ta tsira sai ta ji wani ruwa da saiwar hatsi ko dawa ke fitarwa. Abin daɗin shi ne, saiwar gyaɗa da ta wake suna iya ruɗin ƙudujin hatsi ya tsira, ya rasa inda zai kama, ya mutu. Gamanar da ake juya mata shuka, bana hatsi baɗi gyaɗa, tana rage shi a hankali. A kuma tuge shi tun bai yi fure ya zubar da iri ba.

Gwajin ƙwaya ɗari

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wannan gwaji ba ya cin ko dala, kuma shi ne zuciyar maganarmu ta yau. A yi shi mako biyu ko uku kafin lokacin shuka.

A ɗebo iri daga saman buhu, tsakiya da ƙasa, a gauraya. A ƙirga ƙwaya 100 yadda suka zo, ba tare da zaɓen masu kyau ba, don in muka zaɓa kanmu muka cuta. A samu tsumma mai tsabta, a jiƙa, a matse har ya daina ɗiga. A jera ƙwayoyin layi goma, kowane layi goma. A naɗe kamar tabarma, a ajiye a inuwa, gindin randa ya fi, inda kaji da yara ba za su kai ba. Safe da yamma a yayyafa ruwa. Wake da gyaɗa sun fi son a jera su cikin rairayi mai danshi a tsohon kwano mai huji a ƙasa.

Ranar ƙirga: hatsi kwana 7, wake kwana 8, dawa da gyaɗa kwana 10, albasa kwana 12, tumatir kwana 14. Wadda ta fitar da saiwa da kai masu ƙarfi ita ake ƙirgawa. Wadda ta kumbura kawai, ko ta yi funfuna, ko ta fito a murɗe, ba ta cikin lissafi. Wadda ba ta yi lakkol ba ta aje tsakuwa ɗaya a kan kowane goma.

In 80 ko fiye suka fito, iri ya yi, a shuka yadda aka saba. In tsakanin 60 da 80 ne, a ƙara yawan ƙwaya a gurbi, kuma a tanadi na cike gurbi. In bai kai 60 ba, a nemi wani. Wanda ya fito da ƙyar a gindin randa, a zafin gona sai abin da ya ƙaru na rauni. Wancan kuma, in ba a sa masa magani ba, ya shiga tukunya, bai zama asara ba.

Mu yi lissafin kasuwa. A ce kin sayi tiya ɗaya jika ɗaya, gwaji ya nuna 50 cikin 100. Ashe jika biyu kika sayi tiyar, don rabinta gawa ce. Ita kuwa wadda ta sayi tata jika ɗaya da rabi, 90 suka fito, ta fi ki arha. Araha ba ta ado, a wajen iri ma haka ne.

Rayuwar iri tun daga kaka take farawa

Abin da gwaji zai nuna a watan Mayu, a watan Oktoba aka rubuta shi. Iyayenmu suna shiga gona kafin girbi su zaɓi zangarniya masu cika da lafiya, su ɗaure daban, su rataye. Hatsin da ke jikin zangarniyarsa ya fi sussukakke daɗewa. Gyaɗar iri a bar ta cikin kwanso, sai saura mako ɗaya ko biyu a ɓare da hannu, a ware wadda jar rigarta ta saluɓe ko ta rabe biyu.

Laima da zafi su ne ke cinye ran iri. A shanya shi ya bushe sosai, amma ba a kan kwanon rufi ko siminti mai zafi da tsakar rana ba. Don a tabbatar ya bushe, a zuba ɗan iri da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi. A ajiye a wuri mai sanyi, a ɗaga daga ƙasa, nesa da murhu. Manyan rumbunan iri na duniya ma wannan dokar suke bi: a Svalbard ta ƙasar Norwe, cikin dutsen ƙanƙara, tun 2008 ake ajiye busassun iri na ƙasashe a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili.

Wake kuwa ƙwari ne matsalarsa. Ƙwaya mai huji ɗaya tana iya tsira da rauni, mai huji uku ko huɗu an cinye guzurinta. Buhun PICS mai riɓi uku, wanda ya shigo yankin nan tun 2007, ko jarka mai murfin kirki da aka cika taf, suna kashe ƙwarin ta hanyar hana su iska, busasshen iri kuma ba abin da ke samunsa. Tokar da aka tankaɗe ita ma tana aiki ga ɗan kaɗan.

Irin albasa da wuya ya wuce shekara guda da ƙarfinsa. In za a sayi na gwangwani ko na leda, a duba kwanan wata, a guji wanda ya sha rana a kan tebur. Wanda aka rubuta wa F1 yana ba da amfani, amma ƴaƴansa ba sa gado, kada a ɗebi iri a jikinsa. Ingantaccen hatsi kamar HKP ko SOSAT yana gauraya da na maƙwabta ta iska, don haka ake sabunta shi bayan kamar shekara uku. Irin da aka haɗa da magani, mai launin ja ko shuɗi, guba ne: ba a ci, ba a ba kaji, a nesanta shi da yara, a wanke hannu da sabulu.

Abin da za mu kai zaman mako

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi tare da ƙungiyar CARE, abin da ya riƙe tafiyar shi ne ba ma karɓar kuɗi sai an ƙirga a gaban kowa. To iri ma kuɗi ne, a ƙirga shi.

Shawararmu ga kowace ƙungiya: a zama mai zuwa kowa ta zo da ɗan irin da take niyyar shukawa. A jera tare, a sa alama a kowane tsumma, mata biyu su ɗauki nauyin yayyafa ruwa. A zama na gaba a kwance a gaban kowa, magatakarda ta rubuta. Wadda nata bai yi ba ta sani da sauran lokaci, kuma ita ya kamata a fara dubawa wajen bashi. Wadda nata ya yi kyau kuma tana da rara, ga masu saye a gida, kuɗin bai fita ƙungiya ba.

In a kasuwa za a saya, a haɗa kuɗi a saya tare. A fara karɓar ɗan kaɗan daga buhun da ake so, a gwada, sannan a biya. Mai iri na gaskiya ba ya tsoron mako guda. A tsara bashin iri ya fita tun watan Mayu, kada sai ruwa ya sauka farashi ya hau, kowa na rububi, a sayi abin da aka samu. Kuma a riƙe ɗan iri a gefe, domin ko mai kyau ne, fari na iya sa a sake.

Ruwa ba a hannunmu yake ba. Tsumma da ƙwaya ɗari da kwana bakwai kuwa kowace ɗayanmu tana da su. Ƙungiyar da ta yi gwajin ta aiko mana da abin da ta samu ta hannun wakiliyarta, za mu buga a fitowa ta gaba don mu koya daga juna. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa abin da muka shuka ya fito, ya ba mu ikon biyan bashi cikin rufin asiri. Amin.